Jawabi a Kan Sifa Cikin Turanci

Ina gaishe ku da ƙoƙari, ku da kuka kama karatu da girmanku, kuna tasowa daga gona ko kasuwa ko wurin sana'a, ku zauna ku buɗe littafi. Yanzu da ya ke kun iya haɗa baƙaƙe, har waɗansunku sun soma ɗanɗana Turanci, ina so in yi muku magana a kan wata irin kalma wadda Turawa su ke kira adjective, mu kuwa mu kan ce da ita sifa.

Sifa ita ce kalmar da ke gaya maka yadda abu ya ke. In ka aiki yaro kasuwa ka ce, “Sayo mini hula,” kowace iri ya kawo ba ka da bakin faɗa. Amma in ka ce, “Sayo mini jar hula sabuwa,” ya kawo maka baƙa tsohuwa, to, laifinsa ne. Ja da sabuwa su ne sifa. Ka ga ashe ba baƙon abu ba ne, tun kana yaro ka ke aiki da ita. Abin da ya rage maka shi ne ka san inda al'adar Turanci ta rabu da tamu.

Bari in fara da wurin da Turanci ya fi Hausa sauƙi, don hankalinku ya kwanta. Mu kan ce farin doki, farar goɗiya, fararen dawaki. Kalma ɗaya ce, amma ta sake kama sau uku saboda namiji da mace da jam'i. Bature kuwa white kaɗai ya sani: a white horse, a white mare, white horses. Kada ka ɗauki s ɗin nan ta jam'i ka liƙa wa sifa, ka ce whites horses. Suna shi ke ɗaukar s, sifa ba ruwanta. Sai fa this da that, waɗanda a ke nuni da su, su kan zama these da those in abubuwa sun yi yawa. Ba haka harshen ya ke tun asali ba. A zamanin Sarki Alfred na Ingila, wanda ya rasu a shekara ta 899, sifar Turanci tana sake ƙarshe saboda namiji da mace da jam'i, har ma fiye da tamu. Bayan da mutanen Normandi suka ci ƙasar a 1066, sai ƙarshen nan ya yi ta zubewa sannu a hankali, kafin 1500 ya ɓace. Mun yi sa'a da muka tarar an riga an sauke mana wannan kaya.

Sai wurin zamanta. Da Hausa kana iya cewa farin doki, kana iya cewa doki fari, duka daidai ne. Waɗanda suka yi nahawun Larabci cikinku sun san a can sifa bayan suna ta ke zuwa. Turanci kuwa gaba ya ke sa ta. Ruwa mai sanyi shi ne cold water, hanya mai nisa a long road, mutum mai kirki a good man. In ka ce water cold ka sa sirdi a wutsiya. Akwai 'yan wurare da ta kan koma baya, kamar something new, watau wani abu sabo, amma kaɗan ne, za ku tsince su a hanya.

Ku lura da ɗan a ɗin nan da ke gaban suna. Idan kalmar da ke biye da shi ta fara da muryar wasali, sai ya zama an. Da zarar ka sa sifa a tsakani, ita za a duba, ba sunan ba. Ƙwai an egg ne, amma babban ƙwai a big egg. Mutum a man, tsoho an old man. Kunne a ke bi a nan, ba ido ba: an honest man a ke cewa, domin ba a furta h ɗin, a kuma ce a useful tool, domin u ɗin muryar “yu” gare ta.

Akwai wuri na biyu da sifa ke zama, watau bayan is da are da am da 'yan'uwansu. The water is cold, ruwan da sanyi. A nan ne Bahaushe ya fi tuntuɓe, domin mu da “yana da” mu ke aiki. Mu kan ce kayan nan yana da nauyi, sai mai koyo ya juya shi kalma da kalma ya ce has heavy. Bature ba ya cewa haka, cewa ya ke yi, “This load is heavy.” Haka kuma mu jin yunwa mu ke yi, da jin ƙishirwa, da jin tsoro. Kada ka nemo kalmar ji da kunne ka sa a wurin. Ka ce I am hungry, I am thirsty, I am afraid. Ita afraid ɗin nan, da asleep, mai barci, da alive, mai rai, ba su zama gaban suna ko kaɗan, bayan is kaɗai a ke samunsu.

Wata wahala kuma ita ce, kalma ɗaya tamu ta kan rabu uku a bakinsu. Ɗauki tsawo. Mutum dogo tall ne, haka itace. Igiya da hanya da kogi long. Dutse da ganuwa kuwa high. In ka ce a long man za a yi maka dariya. Old kuma abokan hamayya biyu gare ta: ga mutum ko dabba young, ga riga ko keke new.

Yanzu mu zo ga “mai” da “maras”. Abin da mu ke sawa a gaban kalma, su a ƙarshe su kan sa shi. Use amfani ne, useful mai amfani, useless maras amfani. Care kula, careful mai kula, careless maras kula. Wani lokaci kuma su sa un ko in a gaba don su kore ma'ana: safe da unsafe, correct da incorrect. Wannan hanya ce mai kyau, ka koyi kalma ɗaya ka sami uku. Amma akwai rami a cikinta, ina roƙonku ku buɗe kunne.

In ka ga an rubuta inflammable a jikin garwa ko tanki ko mota mai ɗaukar mai, kada ka ce in ɗin nan ta kore wuta. Ma'anarta abin yana kama wuta da sauri, daidai da flammable. Wanda ba ya kamawa shi ne non-flammable. Mutumin da ya fassara ta a baibai, ya ƙyasta ashana kusa da garwar fetur, ba zai sami zarafin gyara kuskurensa ba. Haka poisonous, mai dafi, da dangerous, mai haɗari. Ko da ba ka riƙe komai cikin jawabin nan ba, ka riƙe waɗannan uku, ka kuma koya wa mutanen gidanka kamanninsu a rubuce.

Na san wani dattijo da ya yi gadi a wani kanti shekara da shekaru. Ran da zai bar aiki maigidansa ya rubuta masa takardar shaida, a ciki ya ce, “His help was invaluable.” Dattijo ya kai wa wani ɗan makaranta ya karanta masa. Yaro ya san value daraja ce, ya kuma san in tana kore ma'ana, sai ya ce, “Baba, ai cewa ya yi taimakonka ba shi da wata daraja.” Dattijo ya fusata, ya yayyaga takarda. Alhali kuwa yabo ne mai girma, ma'anarsa darajar taimakon ta wuce a ƙiyasta. Kafin a fahimtar da shi maigidan ya bar garin, ga shi kuwa da takardar nan zai nemi wani aiki. Priceless ma haka ta ke, abin da kuɗi ba su iya saye. Abin banza shi ne worthless.

To, sai gwada abu da abu, wanda shi ne zuciyar maganar. Mu fi'ili guda gare mu mai yi mana wannan aiki duka, watau “fi”. Audu ya fi Bello tsawo, Audu ya fi su duka tsawo, shi ke nan. Turanci kuwa sifar kanta ya ke taɓawa. In abu biyu ne, a ƙara er, a biyo da than: “Audu is taller than Bello.” In sun kai uku ko fiye, a ƙara est, a sa the a gaba: “Audu is the tallest.” Kogin Kwara tsawonsa wajen mil 2,600 ne, Binuwai da ke haɗuwa da shi a Lakwaja wajen mil 870, saboda haka, “The Niger is longer than the Benue.” Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, mai mita 5,895, babu kamarsa a Afirka: “It is the highest mountain in Africa.”

Wannan ga gajerun kalmomi ke nan, masu gaɓa ɗaya. Doguwar kalma ba ta ɗaukar wutsiya, sai a sa mata more da most a gaba: expensive, mai tsada, more expensive, the most expensive. Masu gaɓa biyu sun rabu. Waɗanda suka ƙare da y su kan ɗauki er, y ɗin ta zama i: heavy, heavier, heaviest. Yawancin sauran more su ke so, kamar more useful. Wajen rubutu kuma ku kula, in gajeruwar kalma ta ƙare da baƙi ɗaya, wasali ɗaya a gabansa, a kan ninka baƙin: big, bigger, hot, hotter, thin, thinner. Akwai kuma 'yan taurin kai da ba su bin kowace ƙa'ida, sai hadda: good, better, best, bad, worse, worst, much, more, most. Kada ka haɗa hanya biyu ka ce more better ko more cheaper. Na kan ji wannan a bakin mutanen da suka daɗe suna Turanci, amma daɗewa ba ta mai da shi daidai ba.

In kuwa abu ya kai ɗan'uwansa, ko bai kai ba, as biyu a ke sawa, sifa a tsakiya. Gero bai kai shinkafa tsada ba: “Millet is not as expensive as rice.” Wanka, wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, my elder brother za ka ce, amma in za ka gwada shekaru sai ka ce older than.

Ga wata biyu da su kan ba mutum kunya a cikin takarda. Sifar da ta ƙare da ed tana faɗin abin da kai ka ke ji, mai ing kuwa tana faɗin abin da ya jawo maka shi. “I am tired,” na gaji. “The work is tiring,” aikin yana gajiyarwa. In kana neman aiki ka rubuta, “I am interested in this work,” watau ina sha'awarsa. In ka ce I am interesting, ka yabi kanka ne, ka ce kai abin sha'awa ne. Wanda ya ce I am boring kuwa ya shaida wa jama'a da bakinsa cewa shi mai gundurar mutane ne. Haka very da too. “The tea is very hot,” shayi ya yi zafi ƙwarai, amma ana sha. “The tea is too hot,” zafinsa ya yi yawa, ba ya shawuwa. Saboda haka in aka yi maka kyauta kada ka ce too big kana nufin yabo, mai ita zai zaci ka ƙi ta.

Wani zai ce, to, in sifa ta yi yawa a kan abu ɗaya fa, wace za ta wuce gaba? Akwai jeri, ko da ya ke yawancin Turawa suna binsa ba tare da sun san suna bi ba. Da fari ra'ayinka a kan abin, sa'an nan girmansa, sa'an nan shekarunsa, da siffar jikinsa, da launinsa, da ƙasar da ya fito, daga ƙarshe abin da aka yi shi da shi. Kyakkyawar babbar tsohuwar jar jakar fata ita ce a fine big old red leather bag. Ba safai a kan tara su haka ba, biyu ko uku a ka saba. A ganina kada sabon mai koyo ya wahal da kansa da haddace jerin duka. Ya riƙe dai girma kafin launi, launi kafin abin da aka yi da shi: a big black pot, a white cotton gown. In ka saɓa jerin za a gane nufinka, sai dai kunnen mai harshen zai ji ɗan karo.

Kafin mu sake haɗuwa ga aikin da na ke so kowa ya yi. Ka duba gwangwanin madara, da kwalin shayi, da takardar sabulu, da kwalbar magani da ke gidanka. Za ka tarar da kalmomi irin su pure da fresh da sweet da strong da dry. Ka kwafe goma a littafinka, ka rubuta ma'anar kowace da Hausa a gefe, sa'an nan ka gwada ƙara mata er da est, ko more da most. Wadda ta gagare ka, ka zo da kwalin mu duba tare.