Jaridar 'Yan Makaranta a Amurka: Wa Ke da Iko da Shafi?



A makarantun sakandaren Amurka da yawa akwai wani aji da ya fita daban. Kwamfutoci ne jere a jikin bango, ga kyamarori a kabad, ga wani dogon jadawali manne da ke nuna shafi na nawa ne a hannun wa. Nan ake haɗa jaridar makaranta da kundin shekara, wato littafin nan mai kauri da ke fitowa dab da babban hutu, ɗauke da hoton kowane ɗalibi da labarin abin da ya wakana a shekarar. Darasi ne sosai, har maki ake bayarwa. Edita ɗalibi ne, haka mai ɗaukar hoto da mai bin shaguna neman talla. Malami ɗaya ne a cikinsu, shi ma aikinsa ba da shawara.

Al'adar ta daɗe. Jaridar The Exonian ta makarantar Phillips Exeter ta fara fitowa a 1878, kuma har yau ba ta daina ba. A 1925 Jami'ar Kolombiya da ke New York ta kafa ƙungiyar da ke duba irin waɗannan jaridu tana ba su lambobin yabo.

Aikin kundin shekara ya fi kama da na mai ɗab'i fiye da na marubuci. Kamfanoni irin su Jostens da Walsworth suna buga shi ne kashi-kashi, shafi 16 a kan ƙatuwar takarda ɗaya da ake naɗewa a yanke, don haka shafi guda in ya makara sai ya riƙe sauran 15. Akwai ranar miƙa aiki, wanda ya saɓa kuwa ko dai ya biya tara ko littafi ya iso bayan 'yan ajin ƙarshe sun watse. Ga kuma wahalar sunaye. Sai a ga yarinya 'yar shekara 16 zaune bayan an tashi, hoton 'yan ƙwallo a gabanta, rajistar makaranta a gefe, tana bin sahu-sahu daga hagu zuwa dama, harafi bayan harafi, domin sunan da aka ɓata a kundi zai zauna a ɓace har mai shi ya yi jikoki. Wasu editocin ma ƙirga suke yi sau nawa kowane yaro ya fito, don kada littafin ya zama na 'yan wasa da 'yan gayu kaɗai, a mance da mai shiru-shirun da ke zama a kujerar baya.

Ita kuwa jarida, fitinarta ta wani wajen take ɓullowa. A watan Mayun 1983, ɗaliban makarantar Hazelwood East da ke jihar Misuri suka shirya fitowar jaridarsu mai suna Spectrum, shafi 6. A ciki akwai labarin 'yan mata uku na makarantar da suka yi ciki, an sakaya sunayensu, da wani labarin kan yadda mutuwar aure ke taɓa 'ya'ya. Shugaban makaranta, Robert Reynolds, ya duba ya ce ko da an sakaya suna za a iya gane 'yan matan, kuma mahaifin da 'yarsa ta koka da shi ba a ji ta bakinsa ba. Sai ya sa aka cire shafuka biyu ɗungum, har da wasu labaran da ba su da laifin komai. Yaran ba su sani ba sai da jarida ta dawo daga maɗaba'a da shafi 4.

Hujjojinsa ba na banza ba ne. Duk editan kirki zai yi waɗannan tambayoyi. Inda ya kuskure shi ne bai kira yaran ya ce su je su gyara ba, alhali nan ne karatun yake.

Cathy Kuhlmeier, ɗaya daga cikin ɗaliban jaridar, da abokan aikinta biyu suka kai ƙara. Suna da abin dogaro, domin a 1969 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan Mary Beth Tinker da wasu ɗalibai da aka dakatar don sun ɗaura baƙin ƙyalle a hannu suna adawa da yaƙin Biyetnam. Amma a Janairun 1988 kotun ta yanke, alƙalai 5 da 3, cewa hukumar makaranta na iya tace jaridar da take ɗaukar nauyi muddin tana da dalili na tarbiyya. Dalilin tarbiyya kuwa, kowa ya san ba ya wuyar samu ga wanda ba ya son a faɗi abu.

Wasu jihohi ba su gamsu ba, suka yi nasu dokokin. Kalifoniya tana da tata tun 1977, Kansas ta kafa tata a 1992. Amfanin dokar ta Kansas ya fito fili a 2017 a garin Pittsburg. An ɗauki sabuwar shugabar makaranta, sai ɗalibai 6 na jaridar The Booster Redux suka ce bari su rubuta tarihinta don gabatar da ita. Da suka bi sawun jami'ar da ta ce ta ba ta digiri na biyu da na uku, Corllins, sai suka kasa samun shaidar cewa wata hukuma da aka amince da ita ta san da zamanta. Makonni suka yi suna buga waya da aika wasiƙu, suka kuma yi hira da ita kanta. Labari ya fita ranar 31 ga Maris. Kwana huɗu bayan nan ta ajiye aiki. Manyan da suka tantance ta ba su gano abin da yara suka gano ba.

Wani lokaci kuma nauyin ya fi ƙarfin shekarun mai ɗaukarsa. Ranar 14 ga Fabrairun 2018 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 17 a makarantar Marjory Stoneman Douglas da ke Parkland a Filorida. Ma'aikatan jaridar makarantar, Eagle Eye, waɗanda wasunsu a kabad suka ɓuya ranar, su suka bi iyalai suka rubuta tarihin kowane mamaci. 'Yan kundin shekarar makarantar, Aerie, kuma suka zauna suka yanke yadda za a tuna da su ba tare da an shafe sauran shekarar ba. A 2019, wajen sanar da kyautar Pulitzer, sai da aka ambaci Eagle Eye da suna.

Makarantunmu na nan gida ba su rasa tushe ba. Da yawa suna da ƙungiyar 'yan jarida, sai dai abin da aka fi sani da ita shi ne a kwafo labaran rediyo a karanta a asambuli, ko mujallar yaye ɗalibai da rabinta hoton manyan baƙi ne. Ranka ya daɗe shugaban makaranta, a bar yaran nan su tambayi dalilin da famfon ɗakin kwana ya yi zango guda bai kawo ruwa ba, su je su ji ta bakin mai kula da shi, su rubuta da sunansu a ƙasa. In sun yi kuskure, a kira su ofis a nuna musu, a mayar musu da takardar su gyara da hannunsu.