Bishiyar Turare Da Rigimar Iyaka: Jawabin Da Aka Yi A Taron Ƙungiya A Orozo

 

Abin da ya tsayar da ni yau ƙarar da aka kawo wa dattawanmu ce a daminar bana. Wani ɗan'uwanmu ya jera bishiyoyin turare a iyakar filinsa don kada a ci masa ƙasa. Wanda ya san yadda fili ya yi tsada daga Nyanya zuwa Karshi ba zai ga laifinsa ba. To amma kuyoyin maƙwabcinsa da ke jikin bishiyoyin sun daina yin komai, tumatir ya tsumbure, alayyafo ko tsirowa bai yi ba. Har magana ta kai ga zargin an binne wani abu a gonar.

Jama'a, ba a binne komai ba. Bishiyar ce.

Turaren nan asalinsa daga Ostireliya yake. Ku murza ganyensa ku sansana, wannan ƙamshin mai ne, kuma a cikin man akwai sinadarai da ke hana iri tsirowa, su kuma hana saiwar ƙaramin tsiro miƙewa. Ganye ya zuba, ruwan sama ya jiƙa shi, sinadaran su sauka cikin ƙasa. Wani masani ɗan Ostiriya, Hans Molisch, shi ya raɗa wa wannan hali suna "alelofati" a 1937. Amma fa in faɗi gaskiya, ba dafin ne kaɗai ba. Turare mashayin ruwa ne, saiwarsa na bazuwa nesa, ga kuma inuwa. Abu uku suka taru wa tumatirin nan.

Mu da muka taso a Kano da Katsina mun saba da gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina, gero ya yi kyau a gindinsa. Shi ya sa muke ɗauka duk bishiya haka take. A'a.

Kai, ko dawarmu ba ta tsira ba. Saiwarta na fitar da wani maiƙo da ke danne ƙananan ciyayi, masana a Amurka sun gano shi a 1986. Wannan halin har amfani yana yi. A Kenya, cibiyar ICIPE ta nuna tun shekarun 1990 cewa in aka shuka wata ciyawa dangin wake mai suna desmodiyam tsakanin masara, tana hana ƙuduji kama saiwar masarar. Wanda ƙuduji ya taɓa cinye wa gona ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda bai yarda da maganata ba ya gwada da hannunsa. Ka jiƙa busasshen ganyen turare kwana biyu, ka shuka irin latas a gwangwani biyu, ɗaya ka riƙa ba shi ruwan jiƙon, ɗaya ruwan rijiya. Bayan mako ɗaya ka kawo mana su nan taro mu gani.

Roƙona ga dattawa, kada a ce a sare bishiyoyin gaba ɗaya, mutumin ya kashe kuɗinsa. A rage rassan da suka leƙa gonar maƙwabci, a riƙa share ganyen kada a bari ya ruɓe a kuyoyi, a haƙa rami a bin iyaka don a datse saiwa. Mai son sabon shinge kuma ya nemi zogale, ko banza ya samu na kwaɗo. Ranka ya daɗe, a nan zan tsaya, na ga akwai masu tambaya a baya.