Auren Baƙo da Takardar Zama Ɗan Ƙasa a Nijeriya: Gyaran da Sashe na 26 Yake Jira

Babi na uku na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tanadi hanyoyi uku na zama ɗan ƙasa: haihuwa a sashe na 25, rajista a sashe na 26, sai daɗewar zama a sashe na 27. Baƙon da ya auri 'yar Nijeriya, ko baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya, a cikin biyun ƙarshe zai bi ɗaya, kuma jinsinsa ne ke nuna masa wadda zai bi. Sashe na 26(2)(a) ya ba da damar rajista ga macen da ke auren ɗan Nijeriya, ko wadda ta taɓa aurensa. Bai ce komai ba game da namijin da ya auri 'yar ƙasa. Wannan sananne ne. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne girman tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu, da kuma yadda tarin takardu ke hana ko matan da doka ta ba dama su ci moriyarta.

Sharuɗɗan rajista uku ne kacal. Shugaban ƙasa ya gamsu cewa matar tana da halin kirki, ta nuna niyyar zama a Nijeriya, ta kuma yi rantsuwar biyayya da ke cikin jadawali na bakwai. Kundin bai yanke mata adadin shekarun zama ba.

Mijin 'yar Nijeriya kuwa, sashe na 27 bai bambanta shi da ɗan kasuwar da ya sauka Legas ba shi da kowa. Dole ya kasance ya zauna a ƙasar shekara 15 a jere kafin ranar da ya miƙa buƙatarsa. Idan zaman ya yanke, sai ya nuna wata 12 a jere, sannan a cikin shekara 20 da suka gabaci waɗannan watanni zamansa ya kai jimillar shekara 15. Dole gwamnan jihar da yake zaune ya shaida cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, ya kuma saje da rayuwarsu. Dole ya nuna ya ba da gudummawa ga ci gaban ƙasa, ko zai iya bayarwa. Aurensa, da 'ya'yansa, da surukansa, babu ɗayansu da ke rage masa ko kwana guda. Bayan ya samu takardar ma, sashe na 30 ya ba shugaban ƙasa ikon karɓe ta idan aka yanke masa ɗaurin shekara 3 ko fiye a cikin shekara 7 na farko, sashe na 307 kuma ya hana duk wanda ya zama ɗan ƙasa ta rajista ko ta daɗewa riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi a ƙarƙashin kundin har sai ya cika shekara 10.

Sakamakon haka shi ne gida ɗaya mai matsayi biyu. Sashe na 25 ya riga ya ba yaro zama ɗan ƙasa ta wajen uwa kamar yadda ya ba shi ta wajen uba, ko a Nijeriya aka haife shi ko a waje. Saboda haka 'ya'yan mutumin Maraɗi da ya auri Bakatsiniya 'yan Nijeriya ne tun ranar haihuwa, suna iya neman kujerar gwamna ko ta shugaban ƙasa idan sun girma, amma ubansu baƙo ne da ke sabunta izinin zama. Ba shi da katin zaɓe, ba shi da fasfon ƙasar. Batun fili ma akwai sarƙaƙiya: a 2017, a shari'ar Huebner, wani Bajamushe da ya yi ƙara kan wani fili a Kajuru ta jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta tsaya a kan cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 don 'yan Nijeriya aka yi ta. Magidancin da ya tara kuɗi ya gina wa iyalinsa gida yana bukatar ya san da wannan hukunci kafin ya sa sunansa a takarda.

Jami'an gwamnati kan amsa da cewa ai an tanadar wa irin waɗannan maza matsayin baƙo na musamman, wanda Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke bayarwa. Gaskiya ne akwai shi, yana kuma sauƙaƙa zama. Amma ya kamata a karanta sashe na 32 da ya haifar da shi. An yi tanadin ne domin mata da mazan 'yan Nijeriya waɗanda ba sa son karɓar zama ɗan ƙasa. Wanda yake so fa? An ɗauki abin da aka yi don mai zaɓi an miƙa wa wanda ba a ba shi zaɓi ba, sannan ana kiran hakan mafita. Izinin zama ba ya ba da ƙuri'a, ba ya ba da fasfo, kuma abin da jami'i ya bayar da alƙalami yana iya janye shi da alƙalami.

Asalin wannan tanadi ba ɓoyayye ba ne. Kundin 1979 yana ɗauke da irinsa, kuma kwamitin da ya tsara shi a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams mutum 49 ne, babu mace ko ɗaya. Kundin 1999, wanda gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar da doka mai lamba 24, ya kwafo shi yadda yake. Tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne mace ce ke bin miji zuwa garinsu. A zahiri kuwa akwai likitoci, malaman jami'a, 'yan kasuwa da malaman addini da suka zo daga Sudan, Masar, Gana, Nijar da Pakistan suka yi aure a nan suka zauna. Kundin nan dai, a sashe na 42, ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsi. Wadda aka tauye a sashe na 26 ba baƙuwa ba ce; 'yar Nijeriya ce da aka hana ta abin da aka ba yayanta namiji. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata, wato CEDAW, tun 1985, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar a kan daidaito wajen zama ɗan ƙasa yake magana.

Ƙasashen da ake yawan ganin Nijeriya ta fi su sun riga sun gyara nasu. Kundin Gana na 1992, a sashe na 7, ya ba mace da namiji damar neman rajista, ko da yake ya ƙara wa namiji sharaɗin zama na dindindin a ƙasar. Kundin Kenya na 2010 ya ce duk wanda ya shekara 7 da aure da ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa yana da haƙƙin neman rajista. Senegal ta daidaita nata a 2013. Jamhuriyar Nijar ta gyara dokarta a watan Nuwamban 2014, ta ba mace ikon jawo wa mijinta zama ɗan ƙasa bayan shekara 3 da aure, ta kuma halatta riƙe takardar ƙasa biyu. Ke nan Basakkwacen da ya auri 'yar Ƙonni yana da gajeriyar hanya a Yamai, amma mutumin Ƙonni da ya auri Basakkwaciya sai ya jira shekara 15 a Abuja.

An sami damar gyara, aka kuma yi wasa da ita. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Dokoki ta Tarayya ta kaɗa ƙuri'a kan ƙudurori 68 na gyaran kundin, ta kayar da guda biyar da suka shafi mata, ciki har da na ba mazan 'yan Nijeriya damar rajista. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Ranar 8 ga watan Majalisar Wakilai ta janye matakinta kan uku daga cikinsu, har da wannan, da alƙawarin sake dubawa. Majalisa ta tara ta kammala wa'adinta a watan Yunin 2023 ba tare da ƙudurin ya zama doka ba, kuma ba ya cikin gyare-gyare 16 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na shekarar. Babu wani bayani mai gamsarwa da aka yi wa jama'a.

Hujjojin da ake kawowa ba su da ƙarfi. Ana cewa za a riƙa auren bogi don samun fasfo. To, baƙuwa ma tana iya auren bogi, ba a kuma rufe mata ƙofa ba, bincike ake yi. Ana cewa a Musulunci nasaba ta uba ce. Haka ne, amma takardar zama ɗan ƙasa ba nasaba ba ce, ba ta canza gado ko waliccin aure.

Sai matsalar takardu, wadda ta fi taɓa talaka. Buƙatar zama ɗan ƙasa tana shiga ne ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, yanzu ta intanet. Hukumar Shige da Fice da jami'an tsaro na farin kaya su yi bincike, kwamitin ba da shawara kan zama ɗan ƙasa ya zauna, a kai Majalisar Zartarwa ta Tarayya, sannan shugaban ƙasa ya amince. Ana neman takardar haihuwa, fasfo, izinin zama, takardar shaidar aure, shaidar cewa mijin ɗan ƙasa ne kamar takardar asalinsa ta ƙaramar hukuma, da mutanen da za su tsaya wa mai nema. Ga mai bin sashe na 27 ana ƙara shaidar biyan haraji da ta hanyar samun abinci. Alƙaluman da ke fitowa daga wannan dogon layi ƙanana ne ƙwarai: mutum 335 a 2017, sai 286 a 2022, sai 385 a 2023. A cikin na 2022, mutum 208 ta hanyar daɗewa suka samu, 78 kacal ta rajista. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wadda ke da iyakar kimanin kilomita 1,500 da Nijar kaɗai, ba zai yiwu a ce matan aure baƙi 78 ne kawai suka cancanta a cikinta ba.

Dalilin ƙarancin a fili yake. A Jibiya, Illela, Maigatari da Kamba ana ɗaura aure tsakanin ƙauyukan da iyaka ta raba, da waliyyi da shaidu da sadaki, ba tare da an rubuta komai ba. Auren ya inganta a shari'a, amma ba shi da takardar da ofis zai karɓa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa. Idan mijin da kansa ba shi da takardar haihuwa ko fasfo, da me zai tabbatar wa matarsa hanya? Mafi yawan irin waɗannan mata ba su ma san akwai sashe na 26 ba, sai ranar da za a yi fasfon aikin Hajji ko lambar NIN aka tambayi garin haihuwa. Wasu kan karɓi takardar asali ta ƙarya daga ƙaramar hukuma, abin da ke jefa su cikin laifi alhali doka ta ba su halastacciyar hanya. Wadda aka saka ko mijinta ya rasu ta fi shiga wahala, domin kundin ya ba ta dama, amma takardun da za ta kafa hujja da su suna hannun tsohon miji ko danginsa.

Shekaru da dama yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, mai ba da damar shiga ba biza har kwana 90, ita ke rufe wannan giɓi. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da mutunta takardun 'yan waɗannan ƙasashe har zuwa wata sanarwa, amma wannan sassauci ne na wucin gadi, ba haƙƙi ba. Chadi da Kamaru dama ba sa cikin ƙungiyar, kuma dokar Kamaru ta 1968 tana ƙwace takardar ƙasa daga baligin da ya karɓi ta wata ƙasa da son ransa, ko da yake sashe na 28 na kundin Nijeriya bai tilasta wa kowa barin ƙasar haihuwarsa ba. Arewa ta san illar barin matsayin mutum cikin duhu: a Janairun 1980 aka kori Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin jihar Borno, zuwa Chadi da sunan baƙo ne, sai kotu ce ta tabbatar masa da haƙƙinsa.

Wasu gyare-gyaren ba sa bukatar taɓa kundin. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida tana iya bayyana a rubuce cewa takardar aure daga kotun Shari'a ko ƙaramar hukuma ta wadatar, ta yanke wa'adin amsa kowace buƙata, ta riƙa zaman kwamitinta a kan kari kowace shekara, ta kuma buɗe teburin karɓar takardu a ofisoshin shige da fice na jihohin kan iyaka, da bayani cikin Hausa, Kanuri da Fulfulde. Gyaran sashe na 26 kuwa, bisa sashe na 9, yana bukatar kashi biyu cikin uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Jihohin Arewa 19 ne, don haka ba zai wuce ba sai da su. 'Yan majalisar Sakkwato, Kabi, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, waɗanda mazaɓunsu suka fi kowa yawan irin wannan aure, su ya kamata su dawo da ƙudurin zaure a zagayen gyara na gaba, su kuma kaɗa masa ƙuri'a.