FAIFAN GIDA DA KWAMFUTA TA ƊAUKA BAƘO: DALILINSA DA MAGANINSA

Jawabi ga akawuna, malaman makaranta da masu shagunan buga takardu na Bako, Yola



Abin da ya tara mu yau wata 'yar matsala ce ta kwamfuta, wadda a ido ƙarama ce, amma idan ba a fahimce ta ba takan jawo asarar kuɗi da asarar takardu. Kowa ya san yadda aikin kwamfuta ya shiga rayuwarmu. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta hanyar kwamfuta. Ɗalibin Jami'ar Modibbo Adama ko na Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke nan Yola, a kwamfuta yake buga kundinsa. Sakamakon jarrabawar yara, da lissafin albashi, da takardun filaye, da bashin da ake bin abokan ciniki a kasuwar Jimeta, abubuwan da dā ake kullewa a kabad, yanzu da yawansu suna kwance cikin wani ɗan faifai da bai wuce tafin hannu ba. Saboda haka duk abin da ya taɓa lafiyar wannan faifai ya taɓa amanar jama'a.

Mece ce matsalar?

Ma'ajiyar kwamfuta iri biyu ce. Akwai faifan ciki, wanda aka ɗaure da kusoshi a cikin akwatin, shi ne ɗan gida, ba ya zuwa ko'ina. Akwai kuma filash da faifan waje, waɗanda akan soka a zare, su ne baƙi. Windows tana da wata 'yar alama a ƙasan allo, kusa da agogo, wadda akan danna a sallami baƙo kafin a zare shi. A ƙa'ida, baƙi kaɗai ya kamata a gani a wurin.

To, a wasu kwamfutoci, sai mutum ya danna alamar nan ya tarar da sunan faifansa na ciki a jere tare da filash, ana yi masa tayin ya sallame shi. Watau kwamfuta ta ɗauki ɗan gida a matsayin baƙo. Abu na farko da nake so kowa ya riƙe shi ne wannan: faifan bai lalace ba, kuma ba bairos ne ya shiga ba. Suna ne aka ba shi wanda ba nasa ba.

Daga ina kuskuren ya fito?

Faifan ciki yana haɗuwa da babban allon kwamfuta ta wata kafa da ake kira Sata, wadda ta shigo kasuwa a 2003. Daga cikin abubuwan da aka tanada wa wannan kafa, a ƙarƙashin tsarin AHCI na kamfanin Intel, akwai damar a zare faifai a sa wani ba tare da an kashe inji ba. An yi haka ne domin manyan injunan kamfanoni waɗanda ba a kashe su dare da rana, da kuma kafofin da ke bayan akwati na faifan waje.

Kowace kwamfuta tana da wata ƙaramar manhaja a jikin babban allo, wadda ake kira Bayos. Ita ke fara tashi kafin Windows, ita ke yi wa kowace kafa shaida, ta ce wannan ta ciki ce, waccan ta waje ce. Windows ba ta da idon da za ta leƙa cikin akwati. Abin da Bayos ta faɗa mata shi take ɗauka. Idan Bayos ta sa wa kafar ciki shaidar ta waje, to, duk faifan da aka haɗa a nan baƙo ne a wurin Windows. Kamfanin Microsoft da kansa ya yi bayanin wannan matsala, kuma a 2023 ya tabbatar cewa har Windows 11 ba ta tsira daga gare ta ba. An fi ganin ta bayan an sake sa Windows, ko an ƙara faifai na biyu, ko kuwa a wasu kwamfutocin cinya da aka cire musu ma'ajin faifan bidiyo aka sa faifan ajiya a gurbinsa.

Ina haɗarin yake?

Faifan da Windows take zaune a kansa, ko an danna a sallame shi, za ta ƙi. Haɗarin yana kan faifai na biyu, wanda galibi a nan ne mutane ke tara takardu. Ku ɗauki misalin shagon da ake layi, yaron shago ya gama wa mutum aiki, ya zo sallamar filash cikin gaggawa, hannunsa ya zame ya danna sunan da ke sama. Nan take faifan ya ɓace daga jeri. Takardar da ke buɗe na iya rasa inda za ta kwanta.

Haɗari na biyu ya fi na farko, shi ne firgita. Mai kaya ya ga faifai ya ɓace, ya ɗauka ya mutu, ya ruga wurin mai gyara. In aka yi rashin sa'a da wanda bai ƙware ba, sai ya ce a wanke faifan, ko a sayi sabo. Alhali kuwa kashe inji a sake kunnawa ya isa ya dawo da shi. Wankewar ita ce ke share takardu, ba matsalar ba.

Kafin a taɓa kome

Rigakafi ya fi magani. Kafin a fara gyara, a kwafe duk muhimman takardu zuwa wani faifai na waje, a buɗe biyu ko uku daga ciki a tabbata sun kwafu, sa'an nan a zare shi a ajiye. Wanda bai yi wannan ba, kada ya wuce nan.

Mataki na farko: a duba Bayos

A kashe inji, a kunna, a riƙa danna maɓallin shiga Bayos tun kafin Windows ta tashi. A yawancin injunan Dell F2 ne, a HP F10 ne, a waɗanda aka harhaɗa kuwa Del ne. Rubutun da ke ciki da Turanci yake, don haka zan ambaci kalmomin yadda za ku gan su. A nemi sashen Sata. Idan akwai kalmar Hot Plug a gaban kowace kafa, a mai da ta kan Disabled ga kafar da faifan ciki yake. A adana, a fita. Sau da yawa nan magana ta ƙare.

Sai dai ga gargaɗi. A wannan shafi akwai wurin da aka rubuta AHCI. Kada a sauya shi zuwa IDE ko RAID, domin Windows na iya ƙin tashi, ta nuna shuɗin allo. A taɓa abin da aka zo taɓawa kawai.

Mataki na biyu: sabunta Bayos

Idan babu wannan zaɓi, a duba shafin intanet na kamfanin da ya ƙera injin, ko ya fitar da sabuwar Bayos. A tabbata lambar samfurin ta yi daidai da wadda ke jikin akwati. Wannan mataki yana bukatar hattara a ƙasarmu, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, babban allon na iya mutuwa ɗungurum. Kada a yi shi sai da batirin tsaro da ake kira UPS, ko inbata mai cikakken caji. Mai kwamfutar cinya ya cika batirinsa, ya bar caja a jiki. Wanda ba shi da ko ɗaya ya tsallake zuwa mataki na uku.

Mataki na uku: a gaya wa Windows gaskiya

Windows tana da babban littafin rajista inda take rubuta duk ƙa'idodin aikinta. Za mu rubuta mata a ciki cewa kafa kaza ta gida ce, ko me Bayos ta ce.

Da farko a san lambar kafar. A danna maɓallin dama na linzami a kan alamar Start, a zaɓi Device Manager. A buɗe Disk drives, a danna sunan faifan sau biyu. A gaban kalmar Location za a ga Bus Number da lamba a gabansa. A rubuta lambar a takarda. A lura, ƙirgar daga 0 take farawa, ba daga 1 ba.

Sa'an nan a buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, watau ta hanyar Run as administrator, a buga wannan layi ɗaya, a sa lambar da aka rubuta a gurbin harafin x na ƙarshe:

reg add "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\storahci\Parameters\Device" /f /v TreatAsInternalPort /t REG_MULTI_SZ /d x

A danna Enter, a kashe inji a sake kunnawa, a duba alamar kusa da agogo. In faifai biyu ne ke da matsalar, kada a buga umurnin sau biyu, domin na biyun zai share na farko. A haɗa lambobin wuri ɗaya: ga kafa ta 1 da ta 2, sai a rubuta 1\02 a gurbin x.

Wannan umurni na Windows 8 ne zuwa 11, kuma yana aiki ne idan injin yana amfani da direban Microsoft, wanda sunansa a Device Manager shi ne Standard SATA AHCI Controller. In direban wani kamfani ne, gyaran yana wurin wannan kamfani. Umurnin Windows 7 daban ne, kuma Microsoft ya daina kula da ita tun Janairu 2020, don haka ofishin da ke riƙe da takardun jama'a ya kamata ya rabu da ita.

Littafin rajista ba wurin gwaji ba ne. Harafi ɗaya in ya kauce a wani wuri, sai a nemi gyaran abin da dā lafiyarsa ƙalau. Wanda hannunsa ke rawa ya tuna, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Barin alamar yadda take, tare da koya wa yaran shago su karanta suna kafin su danna, ya fi gyaran ganganci.

Kada a haɗa ta da wata cuta

Akwai wata cuta daban mai kama da wannan. Idan faifai yana ɓacewa da kansa ba wanda ya sallame shi, ko yana ƙas-ƙas, ko inji yana sandarewa, wannan ba batun suna ba ne. Ko waya ce ta saki, ko ƙura ta cika akwati, ko faifan ne ya fara gajiya. Mu da ke Yola mun san zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, mun kuma san ƙurar hunturu. A ɗaga akwati daga ƙasa, a bar masa sararin shan iska, a riƙa hure ƙura bayan an zare wuta. In aka ji ƙarar nan, a kwafe takardu a ranar, kada a bari sai gobe.

Ga masu kai gyara

Wanda zai kai inji wurin mai gyara ya faɗa masa da baki, gaban shaida in da hali, cewa kada a wanke faifai sai da izninsa. Ya tambaye shi abin da zai yi, mai tambaya ba ya ɓata. Mai gyaran kirki ba zai ji haushi ba. Masu shaguna da ofisoshi kuma su tuna cewa hotuna da lambobi da takardun da mutane suka bari a injinsu amana ce, kuma tun watan Yuni 2023 ƙasar nan tana da Dokar Kare Bayanai, wadda ta ɗora alhakin tsare su a kan wanda ya karɓa.

Jama'a, abin da nake roƙo shi ne, kowa in ya koma wurin aikinsa gobe, ya danna alamar nan ta kusa da agogo ya duba. In ya ga faifan gida a layin baƙi, kada ya firgita, kada ya kashe kuɗi. Ya kwafe takardunsa, ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sanar da maƙwabcinsa da bai sami zuwa ba.

 Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Wassalamu alaikum.