Jawabi Kan Ƙawata Bangayen Unguwarmu a Mil 2 Diobu

Sarkin Hausawa, malamai, dattawa da 'yan'uwa 'yan kasuwa.

Duk wanda ya bi ta gadar Mil 1 ya ga dandalin Isaac Boro, ɗan gwagwarmayar Ijaw da ya rasu a 1968. 'Yan gari sun ajiye tarihinsu a fili. To mu fa? Mun haifi 'ya'ya da jikoki a Fatakwal, amma ba komai a bangonmu sai fastar 'yan siyasa.

Mutum-mutumi dai ba ma yi, malamai sun hana. Amma muna da zayyana da dagin Arewa, aikin maginan Zariya tun zamanin Babban Gwani. Sai dai laka da makuba ba za su jure ruwan Fatakwal ba, dole siminti da fenti mai kyau, kuma nan kuɗin yake.

Shawararmu a naɗa mutum uku su nemi izinin ƙaramar hukuma a rubuce, su kuma zauna da masu gidaje, tunda yawancinmu haya muke. Kada a shafa fenti kafin takarda ta fito, wallahi sai a ce mu goge. Ma'aji zai zagaya da littafin karo-karo bayan sallar Juma'a.