Waƙoƙin Homa a Bakin Bature da Kunnen Bahaushe

(Jawabin da aka gabatar a zaman ƙungiya na wata-wata, G.R.A., Gombe)

 

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, kwanakin baya wani maƙwabcina a nan G.R.A. ya same ni bayan la'asar da littafi a hannu, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, dubi abin da na tsinta a ɗakin 'yarka." Na karɓa, sai na ga Odisi ce, fassarar Turanci. Wai ya buɗa shafi biyu uku, ba abin da ya gani sai sunayen gumaka. Ya ƙwace ne, ko ya bar mata? Na ce ya bar mata, dalili kuwa zan faɗa a gaban jama'a, don na san ba gidansa kaɗai ba ne.

Waƙoƙin guda biyu ne, Iliyad da Odisi, na tsoffin Girkawa, ana jingina su ga wani mawaƙi mai suna Homa, wanda aka ce makaho ne. Sun haura shekara 2,600. Iliyad tana da layi sama da 15,000, Odisi wajen 12,000, kowacce an kasa ta kashi 24. Ta farko labarin fushin wani barde ne, Akilis, a shekara ta goma ta yaƙin birnin Tiroyi. Ta biyu kuwa labarin Odisiyus ne, wanda ya shekara goma a wurin yaƙin, ya ƙara goma a kan hanyar gida, matarsa na jira, zawarawa sun cika mata gida suna cinye dukiyar mijinta.

Batun gumaka ba zan daɗe a kansa ba. Waɗanda suka yi karatun zaure a Kano ko Zariya sun san malamanmu na karantar da waƙoƙin Imri'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan Jahiliyya saboda lugga da sanin halin mutanen da. Ba mu ji wanda ya tashi daga darasin ya koma bautar Lata da Uzza ba. Larabawa ma sun fassara Iliyad: Sulaiman al-Bustani ya mayar da ita waƙar Larabci, aka buga a Alƙahira a 1904. Abin da ake so, uba ya zauna kusa, a karanta tare.

Inda gizo ke saƙa shi ne fassara. Ni kaina na fara da ta E. V. Rieu, wadda ta buɗe jerin Penguin Classics a 1946. A zube ya rubuta ta, kamar ƙagaggen labari. Na karanta ina ɗan sakandare, na ji daɗin dodo mai ido ɗaya, na ajiye. Ban ko san waƙa ce ba! Daga baya na samu Iliyad ta Richmond Lattimore ta 1951, wadda ke bin Girkancin layi da layi, sai ta gundure ni. Ko'ina aka ambaci Akilis sai an maƙala masa saurin ƙafa, ko da yana zaune ne. Alfijir ba ya ketowa sai da siffa guda, teku ma haka. Na ce wannan tsoho bai da kalmomi ne?

Rediyo ce ta warware mini. Wani dare ina sauraron Narambaɗa, sai na lura yana ta komawa kan kirari ɗaya, 'yan amshi na karɓa, ni kuwa ina gyaɗa kai, ban gaji ba. Ashe abin da ya gundure ni a takarda shi ne yake faranta mini rai a kunne. Kirari ne, jama'a! Abin da Ɗan Anace ke yi wa Shago, da abin da Ɗanƙwairo ke yi wa sarakuna, shi Homa ke yi wa baradensa.

Turawa sai da suka sha wuya kafin su gane haka. Wani Ba'amurke, Milman Parry, ya tafi tsohuwar ƙasar Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935, shi da ɗalibinsa Albert Lord, suna ɗaukar muryoyin mawaƙan ƙauye masu goge. A can suka gamu da wani dattijo Musulmi, Avdo Mejedovic, wanda bai iya karatu ba, ya zuba musu waƙa mai layi sama da 12,000 daga kansa. Suka fahimci cewa mawaƙin baka ba hadda yake yi kalma da kalma ba. Yana da rumbun kirari da jimloli shiryayyu, da su yake cike kari yana tafiya. Da Isa ko Maradun suka nufa, ina jin da kuɗin jirgi kawai za su canza.

Akwai kuma wani kusanci da ba a cika faɗa ba. Karin Homa a kan dogon gaɓa da gajere aka gina shi, ƙafa shida a kowane layi, ba amsa-amo. Rubutacciyar waƙar Hausa ma da nauyin gaɓa ake auna ta, kamar arulin Larabci. Turanci kuwa da ƙarfin lafazi yake awo. Shi ya sa kowane mai fassara sai ya yar da wani abu. Alexander Pope, tsakanin 1715 da 1720, ya ƙara amsa-amon da babu shi a asali. Rieu ya zubar da karin gaba ɗaya. A ganina, mai farawa ya nemi ta Robert Fagles, Iliyad 1990, Odisi 1996, ko Odisi ta Emily Wilson ta 2017, mai sauƙin Turanci. Kowacce kuka samu, a ɗaga murya. Karatun zuci yana kashe ta.

To, me ya shafe mu, mu da iyayenmu suka baro Katsina da Kano da Sakkwato suka zauna a ƙasar Buba Yero? Ku karanta Odisi, za ku ga ma'aunin mutum a cikinta shi ne yadda yake karɓar baƙo. A gidan kirki sai an ba baƙo ruwa ya wanke hannu, ya ci ya ƙoshi, sannan a tambaye shi sunansa. Dodon nan mai ido ɗaya shi ne ya fara da tambaya, ya ƙare da cin baƙinsa. Zuriyar fatake ba ta bukatar sharhi a nan.

A kashi na 24 na Iliyad kuma, tsohon sarki Firiyam ya shiga sansanin abokan gaba da dare, ya sumbaci hannun Akilis, wanda ya kashe masa ɗa, yana roƙon gawa. Akilis ya tuna da nasa tsohon, suka yi kuka tare, ya sa aka wanke gawar, ya kawo wa baƙonsa abinci. Na karanta wa maƙwabcin nawa wannan wuri a zaurena, ina yi ina juya masa da Hausa. Bai ce uffan ba. Da zai tafi, ya ɗauki littafin 'yarsa, ya haɗa da nawa.

Shugaba, ga shi can zaune a layi na biyu. A taya ni roƙonsa ya dawo mini da shi kafin zama na gaba, don akwai masu jiran aro.