Kafin a yi wa gwiwa ko ƙugu aiki, a fara ƙarfafa naman ƙafa

 

Hirarmu ta yau ta shafi mutumin da lokotoro ya duba, ya yi masa radiyo, ya ce gwiwarsa ko ƙugunsa sai an yi aiki. Irin wannan aiki a manyan asibitoci ake yin shi, kamar na Yamai, kuma ba ranar da aka faɗa ake yi ba. Wani ya jira wata 2, wani wata 6, ana neman kuɗi, ana jiran layi. To, me mutum zai yi cikin wannan jira? Da yawa daga cikinmu sai su shimfiɗa tabarma su kwanta, su ce ai ƙafa ta lalace, a bar ta ta huta. Ƴan uwa, wannan kwanciya tana da tsada, kuma bayan aiki ake biyan kuɗinta.

Mu fara da sanin abin da ke ciwon. A bakin kowane ƙashi, inda ya haɗu da ɗan uwansa, akwai guringuntsi mai santsi. Shekaru, ko ɗaukar kaya, ko tsohuwar karaya, suna cinye shi, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Ga masu ciwon sikila kuwa, jini ne ke kasa kaiwa ga kan ƙashin cinya, sai wurin ya mutu, ko da mutum yana saurayi. Idan abin ya yi nisa, sai a cire wurin da ya lalace a sa na ƙarfe da roba. Wani lokotoro na ƙasar Ingila, John Charnley, shi ya gyara wannan dabara ta sauya ƙugu a shekarar 1962, kuma yau ana yin ta a duniya ko'ina.

Amma ku lura da kyau. Lokotoro gaɓa yake sauyawa, ba ya sauya nama. Abin da ke ɗaga ƙafa, ya miƙe gwiwa, ya tada mutum daga zaune, shi ne tsokar gaban cinya, wadda ta kasu kashi 4, da tsokar ɗuwawu. Tsoka kuwa idan ba a aiki da ita ramewa take yi, cikin sati 2 na kwanciya ma ana ganin bambanci. Wanda ke ciwon gwiwa ɗaya ya gwada cinyoyinsa biyu da igiya, sau da yawa zai tarar mai ciwon ta fi siranta. Bayan haka, aikin kansa yana rage ƙarfi: a watan farko bayan sauya gwiwa, cinya kan rasa rabin ƙarfinta ko fiye. Wanda ya shiga da ƙarfi, akwai abin da zai rage masa. Wanda ya shiga a rame, da me zai tashi? Manomi ya san wannan. San noma tun da rani ake ba shi harawa da dussa, ba a jira sai ruwan shuka ya sauka.

Akwai ma'aikacin lafiya wanda wannan shi ne aikinsa, a likita ana ce masa kine. Shi zai duba ƙafarka ya zaɓa maka motsin da ya dace da kai. Ka nemi lokotoronka ya tura ka wurinsa, sati 4 zuwa 8 kafin ranar aiki, ko fiye idan da hali. Ko sau 1 ka gan shi, sauran a gida za ka yi. Ga irin abin da yakan koyar, ku saurara.

Na farko: ka kwanta rigingine, ƙafa a miƙe. Ka danna bayan gwiwa ƙasa har ka ji cinya ta yi tauri. Ka ƙidaya zuwa 5, ka saki. Sau 10.

Na biyu: kana kwance, ka lanƙwasa ƙafa mai lafiya, ka ɗaga mai ciwon a miƙe kamar taƙi 1 daga ƙasa. Ka riƙe kaɗan, ka sauke sannu. Sau 10.

Na uku: ka jawo diddige bisa tabarma zuwa wajen ɗuwawu, iyakar inda za ka iya, ka mayar. Wannan yana hana gwiwa sandarewa.

Na huɗu: ka matse ɗuwawu, ka ƙidaya zuwa 5, ka saki. Sa'an nan ka riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa. Wannan kaɗawa tana tura jini, kuma bayan aiki tana taimakawa kada jini ya daskare cikin jijiyar ƙafa, abin da kan kai ga halaka.

Na biyar: ka zauna bisa kujera mai tsawo mai ƙwari, ka tashi tsaye, ka koma ka zauna sannu. Ka dafa hannun kujerar, don hannuwa ma su yi ƙarfi. Su za su ɗauke ka ranar da aka ba ka sandunan dogarawa.

A yi waɗannan sau 2 a rana, safe da marece. Ka sami takarda ka ja layi duk ranar da ka yi, ka kai wa kine ya gani. Mata, wannan magana har da ku. Daka da ɗaukar ruwa gajiya suke kawowa, ba su maye gurbin wannan motsi.

Yanzu ga gargaɗi. Ɗan tsami a nama ba komi ba ne. Amma idan zafi mai tsanani ya taso, ko gaɓa ta kumbura ta kwana ba ta saɓe ba, ka dakata ka koma likita. Gaɓar da ta yi zafi jau tare da zazzaɓi ba ta motsi ba ce, ta gaggawa ce. Wanda ƙashinsa ya karye, shi ma wannan hira ba tasa ba ce, kada ya motsa sai da izinin lokotoro. Mai sikila ya sha ruwa da yawa, ya guji yi cikin zafin rana, kada ya kai kansa ga galabaita. Kuma kada a yi tsaga ko ƙaho ko sakiya bisa gaɓar da za a yi wa aiki. Ƙaramin miki a fata yana iya sa a ɗage ranar, don ƙwayar cuta idan ta kai ga ƙarfen, fitar da ita wuya gare ta.

Wani zai tambaya: idan na yi wannan, ko zan tsira daga aikin? Gaskiya ita ce guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa da motsa jiki. Abin da ake samu shi ne sauƙin zafi ga wasu, da saurin tashi a satuttukan farko, da sanin motsin tun kafin ciwon ɗinki ya zo. Yau ba a barin mutum kwance kwana da kwanaki. Ranar aikin ko washegari ake tada shi ya taka. Wanda ya riga ya iya riƙe sanda, tsoronsa kaɗan ne.

Sauran shiri kuma na gida ne. Mai shan taba ya bari aƙalla sati 4 kafin aiki, don miki ya yi saurin warkewa. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya daidaita su. A ci wake, ƙwai, nono, kifi ko nama gwargwadon hali, da su jiki ke gina tsoka. A tanadi gado mai tsawo da kujera, har da kujera mai rami don ban ɗaki, saboda tsugunne da zaman tabarma ba za su yiwu ba a satuttukan farko, musamman ga wanda aka sauya wa ƙugu.

Masu saurare, idan akwai mai jiran irin wannan aiki a gidanku ko a unguwarku, ku kai masa wannan magana, ku zauna kusa da shi ku ƙidaya masa.